Kotun da Muka Yi wa Iya Kaltuma

Kwanakin baya ina zaune a ƙofar shagona da hantsi, wani saurayi abokin ɗana yana gefe yana ta latsa waya, sai ya ɗago kai ya ce da ni, cikin Larabcin gari da yaran yanzu suka fi sakin baki da shi, wai mu Hausawan Injamena ba mu taɓa yin fim namu ba, kullum sai dai mu kalli na wasu. Ba don ya ɓata mini rai ya faɗa ba, iyakar abin da ya sani ke nan. Na tambaye shi ko ya taɓa jin labarin kotun Iya Kaltuma, ya ce ko sunan bai taɓa ji ba. Na so in nuna masa, amma ba ni da abin nunawa. Kaset na ƙarshe da na san inda yake, zafin bazara da damshin damina sun cinye shi a akwatin wani mai gyaran rediyo, kuma ko da ya tsira, ina za ka samo injin da zai karanta shi yau? To, kaset ya mutu, amma mu da muka yi abin ba mu mutu duka ba. An yi fim a garin nan, da Hausarmu, da hannunmu, kuma ni ne na fito a matsayin azzalumin da ke ciki. Ban taɓa jin kunyar haka ba, ba kuma yau zan fara ba.

Garin da nake magana ba wannan ba ne da kwalta ta ratsa, babura suka cika shi da hayaƙi. A lokacin, bayan kiran salla, abin da ke tashin mutum shi ne ƙarar taɓarya daga gida zuwa gida, sai masu tura ruwa a kura suna buga jarka don a san sun iso. In damina ta kusa, mu samari aikinmu ne mu kwaɓa laka da ciyawa mu yaɓe katanga, in ba haka ba ruwan farko ya kwantar da ita. In kuma ruwan ya sauka, unguwa ta zama tafki, mutum ya riƙe takalmansa a hannu ya naɗe wando ya ratsa. Da la'asar kuwa, da ka ji janareta ya yi tari ya kama, ka san an buɗe rumfar kallo. Rumfa ce ta zana da buhuna, da bencina na katako, da talabijin guda a kan tebur an lulluɓe shi da zane kamar amarya. A nan muke kallon fina-finan Indiya da na 'yan dambe, ba ma jin ko kalma ɗaya, amma kowa yana fassara wa na kusa da shi da ƙarfin hali. Daga baya kasakasan Kano suka fara shigowa ta Kuseri, garin da ke tsallaken kogi, a cikin kayan 'yan kasuwa. Ranar da muka fara jin Hausa tana fitowa daga akwatin nan, har tsofaffin da ke zagin rumfar kallo sai da suka zo suka leƙa ta jikin zana. Sai dai Hausar ba tamu ba ce sosai. Mu in abu ya ƙare kalas muke cewa, lauya kuma avoka muke kiransa, kotu tirbinal, kuma 'yan kasuwar da ba su daɗe da zuwa daga Najeriya ba suna yi mana dariya a kan haka.

Dattawanmu suna da magana guda da suke nanata mana tun muna yara: mu baƙi ne, mu bi a hankali, kada a ji muryarmu inda hukuma take. Iyayensu sun taso daga yamma a ƙafa za su Makka, wani guzuri ya ƙare masa, wani ciwo ya kwantar da shi, suka tsaya su huta, hutun ya zama zama. Sai ka ga mutumin da aka haife shi a nan unguwar Kilemat, aka binne ubansa a garin, yana ce maka shi baƙo ne. Ni tun ina yaro maganar take ba ni haushi, amma ban san abin da zan yi da haushin ba.

Iya Kaltuma ƙawar mahaifiyata ce, mai sayar da ƙosai da kunu, doguwar mace mai murya kamar ta maza. Ubanta malami ne mai ɗinkin hula, yana cikin masu tafiyar nan, cikin matarsa ya tsufa a garin, ya tsaya, ya gina gida a Kilemat. Lokacin da gari ya rikice, harbi ya shigo har cikin unguwanni, dukanmu muka tsallaka kogi a kwalekwale zuwa Kuseri. Ina ɗan saurayi a lokacin. A can mahaifiyata ta kwanta ciwo, kuma kaskon Iya Kaltuma, a gindin wata bishiya, shi ya ciyar da mu. Da ƙura ta lafa mutane suka fara komawa, ita ba ta koma ba, ta zauna jinyar ƙawarta har Allah ya karɓi ranta. Sa'ad da muka tsallako, ta tarar da sabon kwaɗo a ƙofar gidanta, an jibge bulo a tsakar gida. Wani babban mai sayar da yadi, wanda ya riga kowa dawowa, shi ya shiga. Ya ce filin na ubansa ne, aronsa aka ba malamin ya huta kafin hanya ta buɗe, da ya ga sun tashi kuma ya ɗauka sun ci gaba da tafiyarsu. Ta je wurin dattawa suka ce ta yi haƙuri. Da ta ambaci tirbinal suka tsorata ta, suka ce abin da za a fara tambayarta shi ne daga ina take. Ƙarshenta ta koma unguwar Butalbagar, lokacin bakin daji ne, cikin ɗaki ɗaya da ruwa ke shiga duk damina.

Shekaru suka wuce, neman abinci ya kai ni shagon wannan mutum. Alhaji zan kira shi, ba zan faɗi sunansa ba, don jikokinsa suna nan kuma ba su yi mini komai ba. Ba zan ce ya zalunce ni a wurin aiki ba. Yana ciyarwa, kuma da na yi aure ya ba ni ɗaki a ɗaya daga cikin gidajensa. Ni nake kwance dila, in auna, in yanka, in naɗe, in kwashe kaya in hadari ya taso. Zaman shekaru ya sa na haddace shi. Na san yadda yake gyaran murya kafin ya faɗi abin da ya san ba haka yake ba, da yadda yake jefa hannun riga a kafaɗa, da yadda carbinsa ke ƙara gudu in ransa ya ɓaci. Allah kuma ya ba ni kwaikwayo, a majalisar shayi in na tashi na yi shi, sai mutane su riƙe ciki. Iya Kaltuma ta san inda nake aiki, ba ta taɓa yi mini gori ba. Abin da take cewa kawai shi ne mai iyali dole ya nema.

A majalisar shayin nan ne Meter Isa ya kawo maganar. Malamin makarantar boko ne, shi ya sa muke ce masa Meter, wato malam da Faransanci, siririn mutum mai taurin kai. Ya ce mu ma za mu yi fim, amma ba na soyayya da waƙa ba, kotu za mu yi. Kotun da aka hana tsohuwar nan zuwa, mu za mu kai ta. Ya canza sunaye, ya mai da mai yadi mai sayar da kanwa, amma duk wanda ya ji labarin ya san inda aka dosa. Sannan ya nuna ni da ƙaramin kofin da ke hannunsa ya ce ni zan fito a mai cin gidan. Na san abin da hakan zai jawo mini. Na yi kwanaki ina juya abin, daga baya na hau keke na tafi Butalbagar na gaya wa Iya. Ta yi dariya har ta ajiye matsami, ta ce in dai za a zage ta a gaban jama'a, gara wanda ta ciyar ya zage ta. Meter ya yi niyyar a samo wata budurwa a shafa mata gari a kai ta zama tsohuwa. Iya ta ce tana raye ba wadda za ta ari bakinta, ita za ta tsaya da kanta.

Mai ɗaukar hoto Abakar ne, Balaraben Shuwa mai ɗaukar bukukuwan aure, da ƙatuwar kyamararsa ta kafaɗa. Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da ciniki ba. Alƙali kuwa Musye Daniyel muka samo, Kirista ɗan kudancin ƙasar mazaunin unguwar Kabalaye, wanda ya yi ritaya daga aikin magatakarda a kotu. Da Faransanci yake magana, wani abokin Meter yana tafinta. Tun ranar farko suka yi gardama da Meter a kan guduma. Musye Daniyel ya ce shi duk zamansa a tirbinal bai taɓa ganin alƙali da guduma ba, Meter ya ce shi kuma duk kallonsa bai taɓa ganin kotun fim babu ita ba. Aka aro gudumar katako a wurin kafinta, tsohon ya karɓa yana ƙunƙuni. Meter da kansa ya fito a avokan Iya. Baƙin yadin da aka ɗinka rigunan kotu da shi, ni na saye shi a shagon Alhaji, har yana tambayata wa ya mutu.

A hutun damina muka yi aikin, a wani ajin makaranta a Kabalaye. Muka rufe allo da zane, muka ɗora tebur a kan bulo don alƙali ya yi sama, matan unguwa da samari suka cika bencina a matsayin masu sauraro. Janareta muka kai can bayan katanga da doguwar waya don kada ƙararsa ta shiga. In ruwa ya sauko a kan kwano sai a tsaya, don ko ihu ka yi ba a ji. Akuya takan shigo tsakiyar shari'a, a kore ta, a sake daga farko. Da yake kyamara ɗaya ce, magana guda sai a maimaita ta har mutum ya tsane ta, Abakar yana zagayawa yana ɗauka ta nan da ta can. Iya Kaltuma ta kan gaji da mu, ta ce ita ba ta ga ranar wannan wasan yara ba, amma kullum ita ke riga kowa zuwa, da ƙwaryar ƙosai a kai.

Ranar da za a ɗauki babbar fitowar, abin da Meter ya tsara shi ne ni in jefa mata magana mai zafi, ita ta fashe da kuka ta ce Allah ya isa, sannan shi ya miƙe ya yi doguwar kariya da ya daɗe yana haddacewa. Na tashi, na yi gyaran murya, na jefa hannun riga a kafaɗa. Na ji 'yan benci sun fara dariya ƙasa-ƙasa. Na ce:

"Ranka ya daɗe, matar nan 'yar hanya ce. Ubanta Makka ya nufa, ba garin nan ba. Aron inuwa aka ba su su huta. Tun da sun huta, sai su ci gaba da tafiya."

Ba ta yi kuka ba. Ta miƙe a hankali, ba ta dubi alƙali ba, ni ta duba, kuma na gane ba ni take gani ba. Ta kira sunan Alhaji na gaskiya, ta haɗa da na ubansa. Dariya ta ɗauke. Ta ce:

"Gaskiya ne ubana Makka ya nufa. Bai kai ba, don a ɗakin da ka rushe uwata ta durƙusa ta haife ni. Rijiyar da matanka ke ɗiba, ubana ya haƙa ta, ni na kwashe ƙasar da ƙwarya a kaina. Ta ƙofar nan aka fitar da gawarsa, ta nan aka fitar da uwata, da mijina, da 'ya'yana. Kai da kake ce mini 'yar hanya, naka kakan daga sama ya faɗo? Hanya ɗaya suka biyo da ubana, ƙishirwa ɗaya suka sha. In ni 'yar hanya ce, to a nan hanyar ta ƙare. Ba inda za ni."

Tafinta ya manta da aikinsa, ya tsaya baki buɗe. Musye Daniyel bai nemi a fassara masa ba, ya cire tabarau ya ajiye a tebur. Ni kuwa ina tsaye cikin rigar mutumin, maganar a kaina take sauka. Abin da ya cece mu shi ne Abakar bai kashe kyamara ba. Daga baya ya ce bai ji rabin abin da ta faɗa ba, amma ya ɗauki aure da yawa, ya san lokacin da mutum ya daina yi don a gani. Meter ya naɗe kariyarsa a zuciya, bai faɗe ta ba har yau. Alƙali ya yanke hukunci, ya mayar wa tsohuwa da gidanta, ya buga gudumar da ba ya so.

Matan da suka cika bencina ba su jira kaset ba, kafin mu haɗa fim ɗin labari ya gama unguwa. Aka aiko kiranmu, ni da Meter, zauren babban dattijon unguwa bayan azahar. Muka tarar da su a jere a kan tabarmi, Alhaji yana gefe carbinsa yana gudu. Ba zan ce dattawan nan mugaye ba ne. Sun ga yaƙi, sun ga yadda ake ɗauke mutum a kan magana, tsoro ne ya zauna musu a ƙashi. Suka ce mun tona asirin Hausawa a gaban waɗanda ba Hausawa ba, suka ce in hukuma ta ji muna wasa da kotu kowa zai shafa, suka ce mu tuna mu baƙi ne. Hukuncinsu shi ne a ƙone kaset, ko a cire maganar tsohuwar gaba ɗaya. Meter ya ce sunan mutum haƙƙinsa ne, za a rufe shi, amma sauran maganar ko harafi ba zai taɓa ba. Sai Alhaji ya juyo kaina.

"Kai kuma, da abincina a cikinka kake kwaikwayona?"

Na ce, "Alhaji, abincinka na ci, kuma na yi maka aikinsa. Amma kafin naka na ci nata, a lokacin da ba ni da aikin da zan yi mata."

Ya ce in durƙusa a gaban dattawa in nemi gafararsa, in kuma yi rantsuwa na fita daga sha'anin, ko kuwa kada ya sake ganina a shago, ɗakinsa ma in fitar masa da kayana. Babban dattijon ya kira ni da sunan mahaifina, murya a sanyaye, ya ce in dubi iyalina in ba da haƙuri. Na ce masa, Baba, in akwai ƙarya a cikin abin da tsohuwar nan ta faɗa, a nuna mini ita, yanzu zan durƙusa. Zaure ya yi tsit. Wannan shirun nake so yaran yanzu su sani. A cikin dattawan nan duka babu wanda ya ce ƙarya ce. Abin da suka iya cewa kawai shi ne bai kamata a faɗa ba. Na sa takalmana na fita.

Matata tana da tsohon ciki a lokacin, ga 'yarmu ta fari, Maryam, tana rarrafe. Duk hanya ina tunanin yadda zan fara gaya mata, ashe labari ya riga ni. Na tarar tana ɗaure tukwane a cikin zane. Ba ta ɗago ba ta ce:

"Baban Maryam, in ka durƙusa, koma inda ka fito. In ba ka durƙusa ba, zo ka kama mini katifar nan."

Na kama katifa. Ba wai daga nan komai ya yi daɗi ba. Akwai kwanakin da ta yi kuka, akwai waɗanda ta ajiye mini abinci ta juya mini baya, kuma ban ga laifinta ba. A kura muka tura kayanmu har Butalbagar, muka kama ɗaki kusa da Iya Kaltuma. A can aka haifi ɗana, kuma Iya ce ta yi masa wankan farko.

Iya ta yarda a rufe sunan, ta ce wanda ake nufi ya san kansa. Abakar ya rasa abin da zai ɗora a wurin, sai ya ɗauko ƙarar gudumar Musye Daniyel ya sa. Masu rumfar kallo na Kilemat suka ƙi karɓar kaset, don ba wanda yake son faɗa da Alhaji. Wani mai rumfa a Kabalaye, wanda ba ya jin Hausa kuma bai san ko wane ne Alhaji ba, shi ya ce a kawo. Da la'asar aka fara, rumfa ta cika har aka ɗage zana ta baya. Ina can ƙarshe na rufe fuska da rawani. Da aka zo wurin da Iya ta buɗe baki guduma ta buga, sai wata mata daga baya ta ɗaga murya ta faɗi sunan, da na uban. Rumfa ta ɗauka da dariya da tafi. Daga ranar abin ya zama al'ada, duk inda aka sa kaset ɗin, da guduma ta buga sai 'yan kallo su cike gurbin da bakinsu. Sunan da dattawa suka ce a ɓoye, sai ga shi yara ma sun haddace. Da alƙali ya yanke hukunci kuwa, guɗar mata har kan titi.

Bayan haka masu rumfar Kilemat da kansu suka zo nema. Aka yi ta kwafa, kaset ya tsallaka Kuseri, direbobi suka bi da shi gabas ta tsohuwar hanyar alhazai, duk garin da Hausawa suka yada zango suka zauna. Abin da ya ba mu mamaki shi ne waɗanda ba Hausawa ba. Larabawa da 'yan kudu suna zama a fassara musu, don ashe ba Iya kaɗai ta dawo daga gudun nan ta tarar da kwaɗon wani a ƙofarta ba. Wani ɗan kasuwa daga Kano ya ce zai kai shi can ya sayar in mun yarda a sake muryoyi da Hausa mai tsabta. Meter ya tambaye shi wace mata ce a Kano za ta faɗi maganar Iya fiye da Iya, ya ce a bar mana kalas ɗinmu da avokanmu. Maganar nan ta "ba inda za ni" ta shiga bakin mutane. Ɗan haya yana faɗa wa mai gida, mai tebur a kasuwa yana faɗa wa mai korarsa, har yaro in an ce ya tashi daga gaban manya.

Ni ladan da na samu daban ne. Wata tsohuwa ta taɓa cire takalmi ta kwaɗa mini a tsakiyar kasuwa, tana cewa in mayar wa baiwar Allah gidanta. Yara suna bina suna kiran mai cin gida. Masu shaguna kuma ba wanda ya ɗauke ni aiki, don ba sa son ɓata da Alhaji. Haka na ɗaura guntayen yadi a bayan keke ina bin unguwanni, rana ta dake ni, laka ta riƙe taya. Wasu matan sai sun gama yi mini faɗa a kan abin da na yi a fim sannan su ce in auna musu. Na sha wuya, ba zan ɓoye ba, kuma shekaru na yi a haka kafin in sami rumfar kaina. Amma ko sau ɗaya ban taɓa tunanin da na sani na durƙusa ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne tsofaffin matan da suka ɗauka shari'ar gaske aka yi. Suka riƙa zuwa Butalbagar yi wa Iya barka, suna tambayar yaushe za ta tare. Ina zaune wata rana aka yi mata wannan tambaya, ta juya ƙosai a mai, ta ce gidan yana hannunsa, amma an tambaye ta a gaban jama'a kuma ta amsa. Gidan bai dawo ba. Alhaji ya ɗora bene a kai. Ba zan gyara labarin don ya yi daɗin ji ba.

Yanzu kowane aljihu akwai kyamara a ciki. Yaro zai ɗauki abu da safe, kafin azahar duniya ta gani, kafin magariba an manta. Kowa yana kallo shi kaɗai, ya toshe kunnuwa, yana dariya da kansa kamar mai taɓin hankali. Ban ce namu ya fi nasu kyan hoto ba. Hotonmu yana rawa, fuskar alƙali wani lokaci kore take fitowa, akwai inda ake jin kukan akuya a tsakiyar rantsuwa. Amma mu da muka tsaya a gaban kyamarar nan, kowa ya san abin da zai iya rasawa, kuma ya tsaya. Yaran yanzu ba ka jin suna cewa su baƙi ne. In ka tambaye su daga ina suke, sai su dube ka da mamaki su ce 'yan nan ne, ko da yake da Larabci za su faɗa. Ina jin daɗin haka. Abin da ba na yarda da shi shi ne a ɗauka haka aka tashi aka ga abin, ba wanda ya fara buɗe baki.

Iya Kaltuma ta rayu har zuwa lokacin da wayar hannu ta fara shigowa gari. Da ciwon ajali ya kama ta, abu ɗaya ta roƙe ni, a sallace ta a masallacin Kilemat inda aka sallaci ubanta. Ta cika da safe, aka yi mata sutura, muka ɗora makara a bayan wata motar ɗaukar kaya. Meter Isa yana gefena, gashinsa ya fara fari. Musye Daniyel ma ya biyo mu a babur ɗin ɗansa. Hanya biyu ce ke kai mutum masallacin. Akwai babban titi da mota ke bi har ƙofa, akwai kuma lungun da ya ratsa ta gaban gidan. Da muka iso bakin lungun na buga rufin mota, direba ya tsaya. Wani dattijo ya ce gaggawa ake yi da gawa. Na ce masa za mu yi gaggawa, amma a ƙafa.

Muka sauke ta muka ɗauka a kafaɗa. Ban san yadda labari ya bazu ba, mutane suka riƙa fitowa daga gidaje suna shiga sahu, mata suka tsaya a bakin ƙofofi, lungu ya cika har ba a ganin ƙarshensa. Ba wanda ya ɗaga murya, sai kalmar shahada da ƙarar takalma. Alhaji ya tsufa a lokacin, yana zaune a kan darduma a ƙofar benensa, inda ya saba zama da hantsi. Ya hango mu tun daga nesa, kuma ya san ko wace ce. Ya duba dama, ya duba hagu, babu damar shiga gida ba tare da kowa ya gani ba. Ni ina riƙe da gaban makara ta ɓangarensa. Da muka zo daidai ƙofar, ba wanda ya ce a rage tafiya, amma ƙafafu suka rage da kansu. Mutumin da tana raye bai taɓa ɗaga kai ya amsa mata magana ba, sai ga shi ya dafa bango, ya lallaɓa ya miƙe, kamar yadda ake yi wa kowace gawar Musulmi. Ya tsaya a tsaye, carbi yana lilo a hannunsa ba ya ja, jama'a duka suna kallonsa. Ba mu ƙara sauri ba sai da muka wuce ƙofar gidanta.